Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Makarantun Sakandare Kan Shirya Ɗalibai Zuwa Manyan Makarantu

Zuwa ga shugabannin makarantun sakandare na gwamnati da masu zaman kansu, da malaman ba da shawara, da shugabannin ƙungiyoyin iyaye da malamai.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe.

Mu da muka rubuto wannan takarda malamai ne a jami'o'i da kwalejojin ilimi da na fasaha, kuma hannunmu 'ya'yanku suke fara faɗowa idan sun bar wajenku. Mun san nauyin da ke kanku. Azuzuwa sun cika maƙil, malaman Lissafi da Fiziks sun yi ƙaranci, ɗakin gwaje-gwaje a wasu makarantun sai dai suna. Duk da haka muna da roƙo guda: ku ɗauki shigar yaro babbar makaranta, da zamansa a cikinta lafiya, a matsayin aikinku, kamar yadda kuka ɗauki cin WAEC da NECO. Kuma ku fara aikin tun daga SS1, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Yara masu ƙwaƙwalwa da yawa suna zaman gida shekara biyu ko uku saboda kuskuren takarda da malami ɗaya zai iya gyarawa cikin minti goma, in da an duba a kan lokaci.

Ranar da aka raba yara zuwa ajin kimiyya da na adabi da na kasuwanci, ranar ce aka buɗe wa kowanensu wasu ƙofofi aka rufe wasu, amma sau da yawa ba wanda ya gaya masa haka. Wani ya shiga kimiyya don abokinsa yana can, wani don mahaifinsa yana son a ce gidansa akwai likita. Jami'a tana neman kiredit biyar a darussan da suka dace da kos ɗin da ake nema, har da Turanci, a zaman jarrabawa ɗaya ko biyu. Duk mai son kimiyya, injiniyanci, ko fannin kasuwanci da zamantakewa, Lissafi dole ne a cikin biyar ɗin. Kiredit yana tsayawa a C6. D7 da E8 ba a ƙirga su, ko da yaro ya zo yana murna cewa bai faɗi ba. Jami'o'i da dama ba sa karɓar zama biyu ga mai neman likitanci. Mai son karatun lauya a jami'o'i da yawa sai da kiredit a Adabin Turanci, darasin da wasu makarantu ba sa ma koyarwa. Sai yaro ya kai SS3 yana mafarkin zama lauya, sannan ya gano bai taɓa zama ajin darasin da ake buƙata ba. Kundin JAMB, hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu, da ke bayyana abin da kowane kos yake bukata a kowace makaranta yana nan a shafin hukumar, ana kiransa IBASS, kuma kyauta ne. A buɗe shi a gaban 'yan SS1 a zangonsu na farko, kowa ya rubuta kos uku da yake sha'awa, ya kwafo sharuɗɗansu da hannunsa, a kwatanta da darussan da ya ɗauka. Wanda yake bukatar sauya darasi a sauya masa tun lokacin.

Sai batun suna, wanda ya fi ci mana tuwo a ƙwarya a nan Arewa. Yaro ɗaya zai zo da takardu huɗu: a takardar haihuwa Muhammad ne, a NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa) Mohammed, a WAEC Muhammed, a takardar shaidar ƙaramar hukuma kuma an ƙara masa sunan garinsu a ƙarshe. Wata yarinyar a wuri ɗaya sunan mahaifinta ke biye da nata, a wani wurin sunan kakanta. Ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Tun shekarar 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, kuma sunan da ke kan NIN da ranar haihuwar da ke kai su ne JAMB take ɗauka. Idan suka saɓa da na WAEC ko NECO, matsalar tana ɓoyewa har ranar tantance takardu a jami'a, wani lokacin har ranar tafiya bautar ƙasa, sannan ta fito. Gyara a lokacin sai an yi ta zirga-zirga tsakanin kotu da ofishin katin ɗan ƙasa, ga kuɗi ga ɓata watanni. Hanya mafi sauƙi ita ce kowane ɗalibi ya yi NIN kafin ya gama SS1, ya kawo takardar, malamin aji ya ajiye kwafi. Lokacin cike sunayen masu zana WAEC da NECO, daga kan takardar NIN za a kwafa, harafi da harafi, kuma da jerin da sunayen suka zo a kanta. Kada a dogara da rajistar aji, domin ita ma wani ne ya rubuta yadda kunnensa ya ji.

Layin waya ma abin kula ne. Ɗalibi yana samun lambar sirrinsa ta rajista ne ta hanyar tura kalmar NIN da lambobinsa goma sha ɗaya zuwa 55019 ko 66019. Daga wannan rana layin da ya tura da shi ya zama igiyar da ta ɗaure shi da JAMB: ta nan zai duba sakamako, ta nan saƙonni za su riƙa zuwa masa. Layi ɗaya ba ya yi wa mutum biyu. Abin da muke yawan gani shi ne an yi amfani da layin yayan da zai koma Legas neman kuɗi, ko na maƙwabci, ko na mai shagon kwamfuta. A tabbatar layin na ɗalibin ne ko na iyayensa, a riƙa saka masa kati don kada kamfani ya rufe shi, a rubuta adireshin imel da kalmar sirri a takarda a ajiye wurin da ake ajiye takardun gida.

Ranar rajista ita ce ranar da aka fi tafka ɓarna. Ku je kowace cibiyar da JAMB ta amince da ita ku gani: layi har bakin titi, rana ta take, ma'aikacin da ke kan kwamfuta yana son ya sallami mutum ɗari kafin magariba. Yaro ya zauna, an tambaye shi wane kos, ya ce injiniya. Wace jami'a, ya faɗi wadda ya fi jin sunanta. Waɗanne darussa, ya yi shiru, sai ma'aikacin ya zaɓa masa. Nan take aka yanke masa hukuncin shekara guda. Kowane kos da haɗin darussansa. Turanci wajibi ne ga kowa. Mai neman likitanci ko haɗa magunguna ko aikin jinya zai ƙara da Fiziks, Kimistiri da Bayoloji. Injiniya zai ɗauki Lissafi, Fiziks da Kimistiri. Mai son karatun akanta ba shi da makawa sai da Lissafi da Tattalin Arziki. Wanda ya nemi injiniyanci ya saka Bayoloji a gurbin Lissafi, ko ya ci maki 300 ba za a ba shi ba. Maganin wannan takarda ɗaya ce: makaranta ta buga fom nata mai ɗauke da kos, makarantun da aka zaɓa da darussa huɗu, malamin shawara ya duba ya sa hannu, uba ko uwa su sa hannu, ɗalibi ya tafi da ita cibiyar, kuma ya karanta abin da ke kan allon kwamfuta kafin a tura. 'Yan mata kuma a gargaɗe su tun da wuri su guji sa lalle a yatsu lokacin rajista da lokacin jarrabawa. JAMB da kanta ta sha yin wannan gargaɗi, saboda lalle yana hana na'ura karanta zanen yatsa, kuma wadda na'ura ta ƙi gane ta ba a barin ta shiga ɗakin jarrabawa. Bikin ƙawa ɗaya ya isa ya jawo asarar shekara.

Zaɓen makaranta yana bukatar a gaya wa yara gaskiya. Makin da ake sanarwa kowace shekara a matsayin mafi ƙaranci, kamar 150 na jami'o'i da 100 na kwalejojin ilimi da na fasaha a 2025, ƙofar shiga fili ce kawai. Kowace jami'a tana da nata ma'aunin, kowane sashe kuma da nasa, kuma kos irin likitanci da lauya da jinya gurabensu ƙididdigaggu ne, masu nema kuma dubbai. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe bisa tsarin da aka daɗe ana bi: kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki daga ko'ina, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka ɗauka suna baya a ilimin boko. Ma'anarsa ita ce ɗan Katsina mai matsakaicin maki ya fi samun dama a jami'ar da jiharsa take cikin yankinta fiye da wata can nesa. Haka kuma manyan jami'o'in da ake rububinsu, irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano, da wuya su waiwayi wanda bai sa su a zaɓi na farko ba. Mafi ƙarancin shekarun shiga kuma goma sha shida ne, don haka iyayen da ke tsallakar da yara aji su yi lissafi.

Ita kanta jarrabawar JAMB, tun 2015 gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa ukun, jimillar maki 400. Idan aka raba, kowace tambaya tana da daƙiƙa 40. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba zai ƙare minti goman farko yana kokawa da linzamin kwamfuta, hannu na rawa, agogon da ke saman allo na ta raguwa. Alhali ba ya ma bukatar linzamin: haruffan A, B, C, D su ne na zaɓen amsa, N ta kai shi tambaya ta gaba, P ta mayar da shi baya, S ta miƙa aiki, R ta dawo da shi idan ya danna S bisa kuskure. Wannan darasin minti ashirin ne. Makarantar da ba ta da kwamfuta tana iya ƙulla yarjejeniya da wata cibiya a gari, 'yan SS3 su je sau uku ko huɗu kafin jarrabawa, su yi gwaji cikakke na awa biyu, da agogo. A koya musu su fara da darasin da suka fi ƙarfi, su tsallake tambayar da ta maƙale su dawo mata daga baya. Waya da agogon hannu da kalkuleta ba a shiga da su. Akwai kalkuleta a kan allon, kuma ya kamata su saba da ita. Jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa kafin ta gaske tana da amfani sosai ga ɗan ƙauye, a ƙarfafa masa gwiwa ya yi ta. A 2025, cikin kusan mutum miliyan biyu da suka zana, fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari uku ba su kai maki 200 ba. Wani ɓangare na wannan rashin karatu ne, wani ɓangaren kuwa rashin sabo da agogo da allo.

Bayan sakamako ya fito, a nan makarantu kan saki hannun yara, kuma a nan ake yin asarar da ta fi ciwo. Tun 2017 duk wani gurbin karatu ta manhajar CAPS ta JAMB yake bi. Yawancin 'yan SS3 suna rajista ne a matsayin masu jiran sakamakon WAEC ko NECO. Idan sakamakon ya fito, sai ɗalibi ya koma cibiyar da aka amince da ita an ɗora shi a shafinsa na JAMB. Ɗora shi a shafin jami'a kaɗai bai wadatar ba. Wanda bai yi haka ba, CAPS tana ganin sa a matsayin marar sakamako, sai a tsallake shi a ɗauki na ƙasa da shi. Akwai kuma tantancewar bayan JAMB da kowace makaranta ke buɗewa da rufewa a kwanakin da ta ga dama. Idan gurbi ya fito, sai ɗalibi ya shiga CAPS ya danna ya karɓa cikin wa'adi, sannan ya buga takardar. Idan jami'a ta ga bai kai makin kos ɗinsa ba ta yi masa tayin wani, wannan tayin ma sai ya shiga ya amince. Duk wanda ya zo ya ce zai samo wa yaro gurbi ta bayan gida, a guje shi: karatun da bai bi ta JAMB ba yana iya ƙarewa da sunan mutum babu a jerin da ake tura wa hukumar bautar ƙasa. Muna roƙon kowace makaranta ta buɗe zauren WhatsApp na ɗaliban da suka fita da iyayensu, malami ɗaya ya riƙe shi har ƙarshen shekara, yana tuna musu waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya.

A kuma daina nuna wa yara cewa duk wanda bai shiga jami'a kai tsaye ba ya faɗi. Mai NCE bayan shekara uku, da mai difloma ta ƙasa bayan shekara biyu, da wanda ya ci jarrabawar share fage ta IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, duk suna iya shiga aji biyu na jami'a idan makinsu ya yi kyau. Makarantun share fage irin ta Funtuwa da kwalejin CAS ta Kano sun fitar da mutane masu yawa. Kwalejojin jinya da na kiwon lafiya hanya ce mai kyau ta samun aiki. Yaron da ya san waɗannan hanyoyi ba zai zauna yana maimaita JAMB shekara huɗu yana jiran likitanci ba.

Yanzu ga abin da ya fi shafar mu, wato abin da ke faruwa bayan an shiga. A sakandare ƙararrawa ke tashin ɗalibi, malami ya rubuta a allo ya kwafa, wanda ya yi fashi a nemo shi. A jami'a zai tarar da ɗakin lacca mai ɗaukar ɗaruruwan mutane, malami yana magana da Turanci ba tsayawa, lasifika wata rana tana aiki wata rana ba ta yi, kuma ba wanda zai tambaye shi me ya hana shi zuwa jiya. Sai zangon farko ya wuce yana ganin kamar hutu ne. Abin da bai sani ba shi ne lissafin digirinsa ya fara tun gwajin farko. A yawancin jami'o'inmu maki 70 zuwa sama A ne mai daraja 5, 60 zuwa 69 B mai 4, 50 zuwa 59 C mai 3, 45 zuwa 49 D mai 2, 40 zuwa 44 E mai 1, ƙasa da haka F, wato sifili, kuma sai an maimaita darasin, abin da ɗalibai ke kira kari-oba. Ana ninka darajar da nauyin darasin, wato adadin da aka ƙayyade wa kowane darasi gwargwadon girmansa, don haka faɗuwa a darasi mai nauyi uku ta ninka ta mai nauyi ɗaya sau uku. Idan aka fitar da matsakaicin darajar duk darussan, digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50, mai daraja ta biyu babba daga 3.50. Ku yi wa 'yan SS3 wannan lissafi a allo: ɗalibin kos na shekara huɗu da ya gama shekarar farko da 2.0, in dai nauyin darussan shekarun daidai ne, sai ya riƙa samun 4.0 a duk shekaru ukun da suka rage kafin ya fita da 3.50. Wato B a kowane darasi, shekara uku, ba tuntuɓe ko ɗaya. Su san kuma cewa kashi 30 ko 40 na makin darasi daga gwaje-gwaje da aikin gida yake fitowa, cewa dokar yawancin makarantu tana neman halartar kashi 75 na laccoci kafin a zana jarrabawa, kuma cewa darasin da ba a yi masa rajista ba ko an zana shi ba ya shiga lissafi. Kowane aji yana da malamin da ke kula da rajistarsa. Shi ne mutum na farko da ya kamata sabon ɗalibi ya nema.

Wannan ya kawo mu ga maganar da ba ta da daɗi amma dole a faɗe ta. Ɗalibin da aka rubuta wa amsa a allo ranar WAEC yana zuwa mana da A1 a Kimistiri, a ba shi kwalbar awo a ɗakin gwaji ya rasa ta inda zai riƙe ta. Yana da B a Turanci, amma ba zai iya rubuta sakin layi ɗaya da kansa ba. Shi ke kwasar kunyar, shi ake kora a ƙarshen shekara ta biyu, iyayensa sun riga sun sayar da amfanin gona sun biya kuɗin makaranta. C5 da yaro ya samu da guminsa ta fi masa amfani a wajenmu nesa ba kusa ba. Abin da muke so ya iya kafin ya zo ba shi da tsada. Sau ɗaya a mako, malami ya yi bayani na minti goma sha biyar da Turanci ba tare da ya rubuta komai a allo ba, ɗalibai su rubuta abin da suka fahimta, a karɓa a duba. A ba su shafi biyu na littafi su taƙaita cikin layi goma da kalmominsu. Kowane ɗan kimiyya ya taɓa kayan gwaji da hannunsa ko da sau biyar ne kafin ya fita, ko da aron ɗakin gwajin wata makaranta za a yi. A sa su saba tsayawa gaban aji su yi tambaya, domin kunyar ɗaga hannu tana kayar da yaranmu fiye da yadda ake zato.

Kuɗi da zaman rayuwa su ma a taɓo su a taron iyaye na ƙarshe. Bayan kuɗin rajista akwai na ɗaki, da abinci, da buga takardu, da mota, kuma gadajen kwanan ɗalibai ba sa isa, wanda ya makara sai haya a waje. Tun 2024 akwai asusun ba ɗalibai rance na NELFUND ga 'yan manyan makarantun gwamnati: yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, yana kuma ba ɗalibi naira dubu ashirin a wata, ba ruwa a kai, biya kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Neman sa yana bukatar lambar JAMB da NIN da BVN, don haka ɗalibi ya buɗe asusun banki da sunan da ya yi daidai da sauran takardunsa. 'Yan mata su ji daga bakin malama mace cewa babu malamin da ke da ikon kiran su ofis da dare ko ɗaure makinsu da wata bukata, kuma ofishin kula da harkokin ɗalibai wurin kai ƙara ne. Samari su ji cewa abokan makon farko su ne kan ja mutum ko zuwa laburare ko zuwa shaye-shaye. Ku gayyato tsofaffin ɗalibanku da ke aji biyu ko uku a jami'a lokacin hutunsu su zauna da 'yan SS3 na awa biyu. Maganarsu ta fi tamu shiga kunnen ƙannensu.

Kafin ɗalibi ya karɓi takardar shaidar kammala makaranta, muna roƙon a duba jakar takardunsa a gabansa: takardar haihuwa, shaidar ƙaramar hukuma, NIN, takardar rajistar JAMB, shaidar kammala firamare, hotuna ƙanana goma sha biyu, da kwafi biyar na kowace takarda, na asali kuma a leda daban. Malamin da kuka ɗora wa wannan aiki a rage masa darussan da yake koyarwa, a ba shi littafi guda mai sunan kowane ɗalibi da lambar iyayensa, yana sa alama a gaban kowane mataki da aka kammala. Mu kuma a shirye muke mu zo makarantunku mu zauna da ɗalibai idan kun aiko wa sassanmu da takardar gayyata, musamman a zangon farko, kafin a buɗe rajistar JAMB.

Allah Ya ƙara muku lafiya da haƙuri, Ya yi wa yaranmu albarka.

Wassalam.

Daga 'yan uwanku,
Wasu malaman 'yan ajin farko a manyan makarantun Arewacin Najeriya